Wa Zai Tsaga Mana Azara?

Na san an fi sabawa da zancen adabi da harkar ɗab'i a nan, to yau sai ku yi mini haƙuri, itace na kawo muku.

Duk lokacin da aka tashi maganar gine-ginen tarihi a ƙasar Hausa, ƙasa ake ambata. A ce ginin ƙasa, a ce tubali, a yaba zanen bango da zankwaye, a tsaya a ɗauki hoto a gaban Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa a wuce. Ba kasafai mutum yake shiga soro ya ɗaga kai ya dubi abin da ke bisa kansa ba. Alhali kuwa ƙasa ba ta iya tsallake sarari ita kaɗai. Magini zai jera tubali ya kai bango tsayin da yake so, amma ranar da aka zo rufi dole ya tsaya ya jira itace. Wannan itace shi ne azara, kuma a kansa nake son mu tattauna, domin ina ganin shi ne zai fara yanke mana kafin ƙasar ta yanke.

Ga wanda ya tashi a gidan bulo da silin, azara ita ce tsagin gangar giginya. Ba kowace giginya ake sara ba. Masu sana'ar sun fi son namiji, wanda ba ya 'ya'ya, kuma wanda ya manyanta har ya yi cikin nan da muke gani a jikin ganga. Daga gindi zuwa ƙasan cikin nan ne ƙarfin yake. Giginya ba kamar maɗaci ko kirya take ba, waɗanda ƙwarinsu yake a zuciya. Ita nata ƙwarin a baya yake, cikinta kuwa ɓargo ne mai laushi da ake ƙwaƙulewa a zubar. Bayan nata cike yake da wasu baƙaƙen jijiyoyi kamar allurai, masu dakusar da zarto, su kuma soke hannun wanda bai saba ba. Shi ya sa tsaga ta ake yi da gatari da turakun ƙarfe, ana bin jijiya daga wannan baki zuwa wancan. Ba ta son ƙusa, tsagewa take yi, sai dai a ɗaure ta da igiya. Abin da ya ɗaukaka ta a wurin magina shi ne gara ba ta iya mata ɓarnar da take yi wa sauran katako, kuma in ruwa bai kwanta a kanta ba takan binne wanda ya ɗora ta, ta binne ɗansa.

Sai dai tana da iyaka. Ƙa'idar magina ita ce azara ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa in tazarar da ke tsakanin bango biyu ta wuce kamar ƙafa 6, wato kusan mita 2. Wanda ya taɓa mamakin me ya sa ɗakunan kakanninmu suke da tsawo ba su da faɗi, ga amsarsa nan. Da magina suka so ɗaki mai yalwa sai suka fito da dabarar tauyi: a ɗora guntayen azara a saman bango suna leƙowa cikin ɗaki, a danne su da ƙasa, a sake ɗora wasu a kansu su ƙara leƙowa, ko a gitta wasu a kusurwoyi, har tazarar da ta rage a tsakiya ta dawo yadda azara ɗaya za ta iya tsallakewa.

Da aka so abin da ya fi haka, sai bakan gizo ya shigo. Ana kafa azara a cikin bango tana ɗan rusunawa zuwa cikin ɗaki, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da ƙasa, a bari ta bushe. A dawo a ɗaura wata a kanta ta ƙara rusunawa, daga wannan ɓangare da wancan, mataki bayan mataki, har su haɗu a sama ba tare da an tokare su da komai daga ƙasa ba. In bakan gizo biyu ko fiye suka gitta juna sai a sami ɗaurin guga, a ɗora tulluwa a kai, sau da yawa a manna tasa ko faranti a mahaɗar. Wanda ya kai wannan fasaha ƙoli shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Duk bakunan nan da masana daga ƙasashen duniya suka zo suka auna suka zana, in ka ɓare ƙasar jikinsu, azara da igiya za ka tarar.

Ke nan gyaran irin waɗannan gine-gine yana buƙatar abu biyu: itacen da ya kai a sare shi, da hannun da ya san yadda ake zaɓensa da tsaga shi da ɗaure shi. A yankinmu duka biyun sun yi ƙaranci, kuma ina son in faɗi yadda abin ya zo, ba don in zargi kowa ba.

Ni ɗan wani ƙauye ne tsakanin Kura da Bunkure. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya biyo kanal ya ratsa gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam, rayuwar mutanenmu ta sauya. Inda da ake noma sau ɗaya a jira damina, yanzu shinkafa na tashi ana maye gurbinta da alkama ko tumatir ko albasa ko masara. Injinan casar shinkafa sun cika Kura, motoci suna lodi dare da rana. Kuɗin makarantata tun daga firamare har difloma daga buhun shinkafa suka fito, don haka ni ba mai zagin kanal ba ne, kuma ba zan zama ba.

Amma noman ban ruwa yana son fili shimfiɗaɗɗe. Da aka zo daidaita ƙasa domin ruwa ya gudana, itatuwa da yawa sun tafi. Tsofaffinmu suna nuna wuraren da a da giginyu suke tsaitsaye a bakin fadama, yau sai kore shar na shinkafa iya ganinka. Kuma manomin shinkafa ba ya ƙaunar itace a gonarsa, yana da hujja: inuwa tana rage yabanya, tsuntsayen jan baki kuma suna samun wurin sauka su yi masa ɓarna. Wanda ya tsira daga gatarin farko, na biyu ya same shi. Ba wanda ya zauna ya yanke shawarar a ƙarar da giginya. Kowa gonarsa ya duba, ya yi abin da ya fi masa amfani a wannan shekara.

Sai kuma muruci. Dukkanmu mun ci, muna kuma ci. To muruci fa ba komai ba ne illa jaririyar giginya: a binne ƙwallo, ya tsiro, bayan 'yan watanni a tone a dafa a kai tasha. Ban ce haramun ba ne, sana'a ce da take ciyar da gidaje. Sai dai kowane muruci da muka ɓare, giginya ce da ba za ta tsaya ba. Ita kuwa giginya kafin ta kai a tsaga azarar kirki a jikinta sai ta yi shekaru gommai. Wanda ya shuka ta ba shi zai yi rufi da ita ba.

Abin da ya sa na shiga wannan bincike shi ne zauren gidanmu. Kakan mahaifina ne ya gina shi, tun ba a san za a tare ruwa a Tiga ba. A daminar bara indararon gabas ya karye cikin dare, ruwa ya kwana a kan rufi, ya jiƙa kusurwa guda har ta fara lotsawa. Bayan girbi aka zauna a kan maganar. Baffana ya ce a rushe a sa bulo da kwano a huta. Hujjarsa mai ƙarfi ce: kowace shekara sai an yi yaɓe, samarin gida kowa yana gona ko yana birni, kuma shi ba zai jira ranar da soro zai faɗo wa jikokinsa ba. Kakarmu, Iya, ba ta ja da shi ba. Cewa kawai ta yi, a zauren nan aka ɗaura auren ubanninmu duka, daga cikinsa kuma aka fita da mijinta zuwa makwancinsa. Mahaifina ya juyo gare ni ya ce, “Kai da ka karanta gini, me ka gani?” Na ce a ba ni mako biyu in nemo wanda ya san azara.

Neman ya fi yadda na zata wuya. Kafintocin Kura gwanaye ne a gado da kujeru da durowar kayan ɗaki, amma suka ce wannan ba layinsu ba ne. A 'Yan Katako ta Na'ibawa akwai falanki iri-iri daga kudu, kowane kauri kake so. Daga ƙarshe wani tsohon magini ne ya kwatanta mini wani dattijo a wani ƙauye ta wajen hanyar Rano. Na same shi a gindin ɗorawa yana fafe turmi. Ya haura shekara 70. Ya ce a samartakarsa tsaga azara ce sana'arsa, shi da mahaifinsa, amma yanzu turmi da taɓarya da ƙotar fartanya ne suke ba shi na cefane.

Na ɗauko shi a babur, gizagonsa a kafaɗa. Da ya shiga zauren bai yi magana ba. Ya sa aka kawo tsani, ya hau, ya riƙa ƙwanƙwasa azara ɗaya bayan ɗaya da ƙeyar gizago yana kasa kunne. Wadda ta amsa da ƙara mai kaifi ya wuce ta. Wadda ta amsa da dum, ya shafa mata gawayi. Da ya sauko muka ƙirga: azara 46 ne a rufin, 7 ya yi wa alama, dukkansu a kusurwar da ruwa ya kwana.

Na ce, “Baba, to sauran fa? Shekarunsu sun doshi ɗari.”

Ya ce, “Ɗan nan, ba shekaru ne suka ci waɗannan ba, ruwa ne. Ku gyara indararo, sauran za su ga jikokinka.”

Na ce, “To ina za mu sayi sababbi, Baba?”

Ya girgiza kai ya ce, “Kada ku sayi sabuwa. Yanzu yara ake sarewa, ba a bari su nuna. Ku nemi inda ake rushe tsohon gida.”

Haka aka yi. A wani gari kusa da mu mun tarar ana rushe soro za a yi ginin bulo, an tara azarar a gefe mata suna ɗiba suna hura wuta. Dattijon ya tsuguna ya zaɓi guda 7 a cikin tarin. Ya ɗan sassaƙe bayan ɗaya da gizago, sai ga baƙar jijiya tana sheƙi kamar jiya aka sare ta. Mai gidan ya yi mamakin wai za mu biya kuɗi a kan makamashi. Aka tokare rufinmu da gwafanni, aka buɗe kusurwar nan kaɗai, aka zare matattun aka sa waɗannan, aka shimfiɗa zana, aka mayar da ƙasa. Kwana 5 aka yi, kuma abin da aka kashe bai kai rabin kuɗin kwano da katakon rufi kaɗai ba. Baffa bai ce ya sauya ra'ayi ba, amma shi ya biya kuɗin igiya da zana, kuma da bazara ta tsananta a zauren yake ƙailula.

Ranar da zan mayar da dattijon gida na tambaye shi ko akwai wanda yake koya a hannunsa. Ya ce ɗansa ɗaya yana injin casa, ɗaya yana haya da babur, kuma ko wannensu yana samu a yini abin da shi ba ya samu a mako. Ya ce, “Wa zai zauna koyon aikin da ake kiransa sau ɗaya a shekara?” Ban ga laifin 'ya'yansa ba. Amma tun daga ranar nake tunanin kunnen nan da ya bambance azara mai rai da matacciya. Ba a rubuce yake a ko'ina ba, kuma mai shi ya haura 70.

Aikin ya kuma nuna mini cewa soro ba na magini da masassaƙi kaɗai ba ne. Da aka zo rufe saman, tsohon maginin ya tambayi katsi. Katsi shi ne guntun da ke taruwa a gindin rijiyar rini. Da shi ake haɗa laso, tare da gashin jima daga majema da ruwan dafara, a shafe rufi ya hana ruwa shiga. Bango kuwa makuba ake masa, daga ɓawon ɗorawa. Kura gari ne da ya yi suna a rini tun kafin zuwan Turawa, turkuɗinta mai sheƙi yana tafiya har Agadas da cikin Sahara, Abzinawa suna naɗa shi. Shi ma sheƙin nan daga itace yake fitowa, domin a kan gungume ake buga zanen da guduma ta katako, su kuma masassaƙi ne yake yin su. Ka ga marini yana ba magini katsi, majemi yana ba shi gashi, masassaƙi yana yi wa mai bugu guduma yana tsaga wa magini azara, maƙeri yana yi wa masassaƙi gizago yana yi wa ƙyaure ƙusoshi da sakata. Da karofi ya ja baya, laso ya yi wuya. Sana'a ɗaya in ta faɗi, sai ta ja ƙafar 'yar uwarta.

A kwalejin kimiyya da fasaha inda na yi difloma a fannin gini, an koya mana lissafin nauyin da rodi da kankare za su ɗauka, da yadda ake haɗa katako biyu ba ƙusa, a fafe rami a jikin wannan a fiƙe bakin wancan ya shige daram. Ilimi ne mai amfani, da shi nake cin abinci. Azara kuwa a darasin tarihin gini muka gamu da ita, a hoto. Ni na iya awo da zane da lissafi, dattijon nan ya san itace. Da za a haɗa mu wata shida, ni da ire-irena mu rubuta abin da ya sani, mu auna, mu gwada ƙarfin azarar namiji da ta mace, tsohuwa da sabuwa, da an sami abin da injiniya zai yarda ya sa hannu a kai. Yau in aka ce a gyara tsohon gini, injiniya yakan koma ga siminti, saboda shi ne abin da yake da lissafinsa a takarda.

Sakamakon haka kuwa a fili yake. Da yawa daga ƙofofin ganuwar Kano an sake gina su da siminti, an yi musu kamannin na da. Suna da kyau a hoto, amma wanda yake son ganin ainihin tsoffin ƙyamare sai ya shiga Gidan Makama, inda aka adana wasu. A Jos, a gidan adana gine-ginen gargajiya, akwai kwaikwayon Masallacin Zariya da na ganuwar Kano, aikin da wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya jagoranta bayan ya shafe shekaru yana aunawa yana zanawa. Zane yana nan, Allah Ya saka wa masu yin sa. Sai dai zane ba ya hawa tsani ya ƙwanƙwasa azara. Kuma dukkanmu muna tuna ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, da wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya ya rufta kan masallata suna sallar La'asar, aka rasa rayuka. Allah Ya jiƙansu da rahama. Tsohon gini da jama'a suke shiga yana buƙatar masu duba shi a kai a kai, waɗanda suka san abin da ke cikin ƙasar. Maganar ta wuce ado da yawon buɗe ido, ta kai ga rai.

Wasu ƙasashen sun riga mu gane wannan. A ranar 15 ga Afrilu, 2019, wuta ta cinye rufin cocin Notre-Dame da ke birnin Faris, rufin katako da ya shekara ɗaruruwa. Suna da ƙarfe, suna da kankare, suna da injina iri-iri, amma suka zaɓi su mayar da shi da irin itacen da aka yi shi da farko. Aka saro itatuwa fiye da dubu, aka sa maƙera suka ƙera gatura irin na da, kafintoci suka sassaƙe ginshiƙan da hannu. A Disamba 2024 aka sake buɗe ginin. Abin lura shi ne ba ranar gobarar suka fara neman itace da masassaƙa ba. Dazuzzukan da aka saro itatuwan an daɗe ana renon su, tsara bayan tsara, kuma akwai kafintocin da suka riƙe tsohuwar hanya tun ana ganin ba ta da kasuwa.

Kada a ce ai Turai ce, ga misali a kusa. A Dallol Mauri, yankin Gaya ta Jamhuriyar Nijar, ba Gayarmu ta Kano ba, akwai dajin giginya mai faɗi. Tun shekarun 1990 aka shigar da mutanen ƙauyukan cikin kula da shi. Sara sai da izini, ana shuka sababbi, kuma wani kaso na kuɗin azarar yana komawa ga al'ummar da ke gadin dajin. Su ma suna noma a ƙarƙashin giginyun, su ma suna cin muruci. Bambancin shi ne an sa wa abin tsari, manomi ya ga ribar barin itace a tsaye.

Na san wani zai ce, kai da kake wannan magana a ɗakin kwano kake kwana. Gaskiya ne, kuma ban ce kowa ya koma soro ba. Mutane ba su gudu daga ginin ƙasa don raina al'ada ba. Yaɓen kowace shekara wahala ne, kuma duk daminar da ta yi ƙarfi muna jin labarin gidajen da suka rufta da mutane. Wanda Allah Ya hore wa ya yi bulo, ya yi. Maganata a kan waɗanda ba su da madadi ce: fadoji, tsoffin masallatai, zaurukan malamai da na masu unguwanni, Gidan Makama da ake danganta shi da Muhammadu Rumfa tun ƙarni na 15, Hasumiyar Gobarau ta Katsina, da dubban zauruka irin namu da babu hukumar da ta san da su. Waɗannan in aka cire azara aka sa rodi, suna ne kawai zai rage.

Kuma sana'ar ba dole ta tsaya a gyara ba. Yau mai kuɗi zai gina gida ya sayo ƙofar Turkiyya ko ta Sin, amarya kuma a yi mata kayan ɗaki da matsattsen garin katako wanda damina biyu take kumbura shi. Madobiyarmu kuwa an yi ta lodinta zuwa Sin har sai da aka sa wa cinikinta takunkumi a duniya daga 2017. Su sun san darajarta. Kafintan da zai iya yin ƙyaure na maɗaci da ƙusoshin maƙera, ko silin na azara a jere kamar na soron sarki, a falo ko masallaci ko otal, ba zai rasa mai saye ba in an ga aikin. Dattijon nan ya faɗi gaskiya, ba a koyon aikin da ba a kira. To sai a riƙa kira.

Ga abin da nake ganin za mu iya, ba sai mun jira gwamnati ba. Na farko, tsohuwar azara ba makamashi ba ce. Duk wanda za a rushe soro a gidansu ya sa a ware ta a jingine a inuwa, akwai mai buƙata. Na biyu, shuka. Ban ce a kai giginya tsakiyar shinkafa ko bakin kanal ba. Akwai maƙabartu, filayen makarantu, iyakokin gonakin tudu, bakin rafuka. Mai binne ƙwallo don muruci ya bar ko ɗaya cikin goma a inda ba za a tone ba. Hausawa suna cewa inuwar giginya na nesa ka sha ta, ana nufin mutumin da bare ke mora 'yan gida ba sa mora. A nan na nesan jikokinmu ne, sai mu shuka musu. Na uku, ɗaliban gini da na aikin katako, idan lokacin koyon aiki ya zo, wasu su nemi a tura su wurin irin waɗannan dattawa, a biya dattijon kamar yadda ake biyan malami.

Na huɗu namu ne, marubuta. A wani zaman karatu na ƙungiyarmu na tambayi waɗanda ke kusa da ni ma'anar tauyi, ba wanda ya sani, alhali dukkanmu Hausa muke rubutawa. Littattafanmu sun cika da falo mai hawa biyu da ƙofar gilashi, in an ambaci soro sai dai a nuna talauci. Kalma tana mutuwa ne ranar da aka daina aikin da take suna. Kowannenmu yana da waya mai ɗaukar murya. Mu je wurin masassaƙi da magini da maƙeri na garinmu, mu gaishe su yadda ya kamata, mu nemi izini, mu tambayi sunan kowane kayan aiki da kowane mataki, mu rubuta yadda suka faɗa. Abin da suke kira tauyi a Kano wataƙila da wani suna ake kiransa a Katsina ko Damagaram, wannan ma ilimi ne da ya cancanci takarda.

Ina roƙon duk wanda ya san garin da har yanzu ake tsaga azara, ko inda giginya ta rage da yawa, ya faɗa mana sunan garin a nan ƙasa, mu fara tara su wuri guda. Wanda kuma ya ga inda na kauce a sunayen kayan aikin, musamman 'ya'yan magina da masassaƙa da ke cikinmu, ƙofa a buɗe take. Allah Ya ƙara wa dattawanmu lafiya, Ya ba mu ikon karɓar abin da ke hannunsu tun suna raye.